Safiya Uku Domin 'Yar Kudu

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Jikata Ulyana ce ta ba ni wannan littafi, wai in riƙa rubuta sunayen magunguna da abin da likita ya ce. Likita ba ya cewa komai, kafaɗa kawai yake ɗagawa, ni kuwa aji bakwai na yi, ba a koya mana yadda ake rubuta kafaɗa ba. Saboda haka zan rubuta abin da na ga dama.

Na dawo lambu a bas ɗin ƙarfe goma. Kwana biyar ke nan rabona da nan, tun Larabar da aka ɗauke mijina Arkadi daga bakin gangar ruwa aka kai shi asibiti. Hularsa na nan inda ta faɗi, ta sha ruwan sama ta yi nauyi kamar mushen kyanwa. Na rataye ta a ƙusa.

Ban shiga rumfar gilashin da yake shuka a ciki ba. Tana can ƙarshen lambu tana harara ta da tagogi sittin da biyu, kamar surukar da aka wuce ba a gaishe ta ba. Shekara talatin ina cewa duk ranar da tsohon nan ya juya baya sai na sa mata guduma. To, ya juya. Guduma na ƙarƙashin benci.

Talata, 8 ga Oktoba, da tsakar rana

Na shiga. Warin ruɓaɓɓen tumatir ya yi mini maraba tun daga ƙofa. Gindi arba'in, kowanne ya fi ni tsawo, kowanne ɗaure da tsumma. Tsumman nan duk dogayen safana ne da ya yanka siri-siri, wai su ne ba sa ji wa kara ciwo. Akwai wadda sau biyu kacal na sa ta. Kuma ba a yanke ɗaurin, sai dai a kwance, a wanke, a shanya, a adana don baɗi. Haka doka ta ce. Dokokin suna rubuce da fensir a jikin ƙyaure, tun daga sama har ƙasa, da rubutunsa mai tsabta. Ni kuwa ko takardar "na fita, zan dawo" bai taɓa bar mini a kan tebur ba.

Na kwance goma sha ɗaya, yatsuna suka ƙage. Sauran na sa musu wuƙa. In ya isa ya taso ya kama ni.

A kusurwar da rana ta fi daɗewa 'yar kudu take. Itacen inabi ce. Ya taho da reshenta cikin jiƙaƙƙen tawul daga gidan mahaifiyarsa a Kuban, can kudu, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, makon da aka sayar da gidan. Inabi a nan Perm, ƙasar sanyi. Duk layinmu sun yi masa dariya, ni na fi kowa buɗe baki. Bana ta yi gungu bakwai, tsaminsu ya isa ya cire tsatsa daga ƙusa. Na ɗanɗana ɗaya sai da kunnena ya yi ƙara. Shi kuwa ya kifa bokiti ya zauna ya cinye yana lumshe ido.

Dokarta ce ta ƙarshe a ƙyauren, ya ja mata layi biyu. A datse ta, a sauke ta a kwantar kan katako, amma kada a lulluɓe ta sai ma'aunin sanyi ya nuna biyar ƙasan sifili safiya uku a jere, kuma a bushe. In an lulluɓe da wuri, ɗumi ya ruɓar da idanunta. In an makara, sanyi ya kashe ta. Ko jaririyar sarki sai haka.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Ina ƙona karan tumatir sai ga kan Rimma a kan shinge. Maƙwabciyarmu ce, ta yi shekara talatin tana sayar da tikiti a tashar jirgi, har yau ba ta iya ganin mutum ba ta tambaye shi ina za shi ba.

"Fadeyevna, ke ce na gani jiya cikin rumfa? Bari in ɗauko tabarau, kada in mutu ban tabbatar ba."

"Ɗauko har da haƙoranki, akwai sauran ƙulli da za a kwance."

"Yaya mutumin?"

"Yana hutawa. Ana kai masa abinci har gado, 'yan mata na juya shi dama da hagu. Abin da yake nema ke nan tun yana saurayi."

Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana dubana. Na tsani shirun Rimma, surutunta ya fi sauƙin ɗauka.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da safe

Wankin gilashi. Sabulun wanki, ruwan sanyi, tsohon buroshin haƙori don gansakukar da ke saƙo-saƙo. Duk wanda ya ƙirƙiro wannan aiki ba shi da mata, ko kuma yana da ita ya tsane ta. Ruwan yana gangarowa ta hannun riga har hammata. Tagogin nan daga rusassun gidajen ma'aikata ya kwaso su, ɗaya bayan ɗaya a bayansa cikin jirgin ƙasa, babu biyu masu girma ɗaya. Taga goma sha tara na yi.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma, a gidan Larisa

Jiya na shigo gari. 'Yata Larisa ta tare ni a ƙofar asibiti ta dubi farcena ta ce, "Mama, haka za ki shiga?" Na ce ubanki ya fi son ƙasa da ni, gara ya ga wadda ya sani.

Bakinsa ya ɗan karkace. Da ma ba don kyau na aure shi ba. Hannun dama na kwance kan bargo kamar safar hannun da wani ya manta. Ba ya magana, amma wannan ba sabon abu ba ne a wurina.

Na karɓi cokali daga hannun Larisa ina ba shi kunu, ina ba shi labari. Na ce tumatir sun tafi, gilashi saura kaɗan. Yana haɗiya. Sai na ce, "Larisa ta ce in kulle lambu in dawo gari kusa da kai. 'Yar kudu ta girma, ta ji da kanta."

Ya datse baki. Ya juya fuska bango.

Jiya bai ƙara cin komai ba. Yau da safe ma haka, har ma'aikaciyar jinya ta fara maganar sa masa roba ta hanci. Na sunkuya na ce, "To, jarababben tsoho, na ji. Zan koma. Zan jira mata safiyarta uku." Ya buɗe baki kamar ɗan tsako.

Shekara arba'in da shida, ban taɓa ganin ya ƙi abinci saboda ni ba.

A baranda Larisa ta riƙe mini hannu.

"Mama, kin ji abin da likita ya ce kuwa?"

"Kafaɗa ya ɗaga."

"Ya ce makonni, Mama. Bai ce watanni ba. Za ki je ki zauna gadin itace?"

"Kin ga ya ci ko bai ci ba?"

"Ki ce masa kin yi mana. Ina zai sani? Ke da kike shara ƙarya kamar numfashi, kin taɓa sa Ulyana ta yarda cewa kifi ya haɗiye miki zobe."

"Waccan ƙaryar nishaɗi ce."

Ta sake ni ta ce duk mu biyun ba mu da hankali, shi ya sa muka daɗe tare.

Litinin, 14 ga Oktoba, da tsakar rana, a lambu

Yau idin Pokrov, ranar da tsofaffi ke cewa dusar ƙanƙara ta farko na sauka. Ruwa ake tsugawa. Ma'auni bakwai sama da sifili. Shekarar da nake neman sanyi ita ce ya tafi yawo.

An ɗauke ruwan famfo na unguwa sai bazara. Yanzu sai rijiya, can bayan gidan mai gadi.

Talata, 15 ga Oktoba, da yamma

Na gama gilashi. Na kunna farar wuta a kan bulo na rufe ƙofa, hayaƙin ya kashe ƙwari da funfuna. Ban yi saurin fita ba, na shaƙi rabona. Na yi tari har Rimma ta leƙo ta tambaya ko ta kira fada daga coci ko ta kira likitan dabbobi.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe uku

Na datse ta. Ƙyaure ya ce a bar ido takwas a kowane reshe, bai ce wanne reshe za a bari ba, domin mai rubutun bai taɓa tunanin wani hannu zai taɓa ta ba sai nasa. Na tsaya da almakashi kusan awa guda ina zagaya ta. Daga ƙarshe na bar huɗu waɗanda suka fi kama da masu son rai. Na kwance ta daga waya, na lanƙwasa ta a hankali kan katako. Ta yi ƙara sau ɗaya. Ba ta karye ba.

Na zage ta sosai. Ba kowa, sai ni da ita.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da safe

Biyar sama da sifili. Ruwa.

Asabar, 19 ga Oktoba, da safe

Shida. Yayyafi.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Bas na ƙarshe ya tashi da rana, sai kuma watan Mayu. Na tsaya a bakin titi na ga mutane suna cusa buhunan dankali da kwalaben kokwamba mai gishiri. Direban ya ce, "Kaka, shigo mana, ko kin yi miji a nan ne?" Na ce e, kuma ya fi ka gashi. Ya yi dariya ya rufe ƙofa.

Layinmu saura hayaƙi biyu, nawa da na Rimma. Ita ba za ta koma ba sai Nuwamba, don surukinta ya cika mata gida da ƙarafunan motsa jiki.

Da yamma Ulyana ta kira ta kara wa kakanta waya a kunne. Na ce masa Rimma ta sunkuya wanke ganga ta faɗa ciki da ka, ƙafafu a sama, sai da ni da mai gadi muka mirgina ta har bakin titi kafin ta fito. Na ji wani sauti kamar ƙyaure mara mai. Ulyana ta ce, "Kaka, ina jin dariya yake yi." Ta ce in ƙara. Ban samu wata ba, kaina ya zama fanko. Na ce batir ya kusa ƙarewa.

Litinin, 21 ga Oktoba, da tsakar rana

Tokara. Sanduna shida a ƙarƙashin rufi don kada nauyin dusar ƙanƙara ya rufta da gilashi. Kowace sanda ya sa mata lamba, kowace lamba da gurbinta a ƙasa. Ta huɗu ta zame ta buge ni a ƙashin wuya. Na zauna kan bokitinsa na yi abin da ba zan rubuta ba, sannan na tashi na kafa ta biyar.

Talata, 22 ga Oktoba

Larisa ta kira sau biyu. Ban ɗauka ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Biyar ƙasan sifili. Ɗaya ke nan. Ciyawa ta yi fari, ruwan bokiti ya yi ɓawo. Na ja zane a ƙyaure da fensirinsa.

Na shiga kurmi na saro rassan itacen allura, waɗanda ɓeraye ba sa son kwanciya a cikinsu, baro uku. Na jera su a bakin rumfa, da buhuna, da katakon rufewa. Komai ya shirya.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Uku sama da sifili. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na goge zanen da yawu.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da yamma

Na sha shayi a wurin Rimma, da burodi da man alade mai gishiri. Ta ce, "Ki lulluɓe tsinanniyar nan ki tafi. Nawa marigayin ya rufe wardinsa duk ranar da ya farka ba maye, kuma sun yi fure."

"Wardi daban, inabi daban."

"Ji ta. Tun yaushe kika zama masaniya? Ke da kika yi shekara talatin kina cewa rumfar nan akwatin gawa ce mai tagogi."

"Har yanzu ina cewa."

"To me kike yi a nan, Fadeyevna? Tsoron ganinsa kike, ko?"

Na ce shayinta ya yi sanyi kamar mai shi, na tashi. Ta bi ni da murya har ƙofa cewa motarta na da mai, duk lokacin da na so.

Asabar, 26 ga Oktoba, da tsakar rana

Na ɗauki waya. An mayar da shi ɗaki shi kaɗai. Larisa ta ce gata ne aka yi masa. Ba yau aka haife ni ba.

Ta ce idan an buɗe ƙofa yana juyo da ido ya ga wanda ya shigo. Na ce labari yake jira, ba ni ba. Ta kashe waya.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da safe

Sifili. Iska ta juya arewa.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Biyar ƙasan sifili. Ɗaya.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Shida ƙasan sifili, sama tas babu gajimare. Biyu. Na taɓa reshenta, ya yi tauri ya bushe kamar yadda doka ke so. Na haɗa jakata, na goge baƙin takalmina, na kankare farce da ashana. Gobe.

Laraba, 30 ga Oktoba, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Huɗu.

Ƙasan sifili ne, amma huɗu kacal. Na goge gilashin ma'aunin da hannun riga. Huɗu. Na ɗan ƙwanƙwasa shi. Na cire shi na kai bayan rumfa inda inuwa take, na tsaya a kansa kamar mai jiran tukunya. Huɗu.

Laraba ɗin dai, ƙarfe shida na yamma, a barandar asibiti

Ƙarfe takwas Larisa ta kira. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Mama, yau." Muryarta irin ta lokacin da take 'yar shekara shida.

Na ƙwala wa Rimma kira ta tayar da mota. Kafin injin ya yi zafi na ce ta zo ta riƙe mini buhu. Ta dubi ma'auni ta dube ni, ta ce, "Tsakanin huɗu da biyar ko kaurin gashi bai kai ba. Itacen ba ya karatu." Muka jera rassan allura, muka shimfiɗa buhuna, muka kifa katako, na danne gefe da bulo. Na bar 'yar kafa a kowane ƙarshe don ta yi numfashi. Awa biyu da rabi. Rimma sai duba agogo take.

Mun iso ƙarfe ɗaya. Idonsa biyu. Ya ƙanƙance har ya bar wuri a gadon. Larisa da Ulyana suka fita suka bar mu.

Na zauna na ce, "An gama, tsoho. Ta kwanta. Rassa, buhu, katako, har kafar numfashi." Yana kallona. Na ɗaga yatsu uku na ce safiya uku. Na ware hannuna gaba ɗaya a gabansa na ce, "Yau ma biyar cif."

Ya daɗe yana duban fuskata. Sannan hannun hagu ya taso daga bargo a hankali, ya kama ɗan yatsana ya lanƙwasa shi cikin tafi. Ya riƙe shi a haka.

Ban san yadda aka yi ya sani ba. Ulyana ta ce akwai rediyo a ɗakin ma'aikatan jinya, ana jin labarin yanayi ta bango. Wataƙila. Wataƙila kuma girata ce, ya sha cewa ta hagu tana ɗagawa in ina yi.

Na kira shi da sunansa na gida, na ce, "Lamba ɗaya ce fa kawai, Arkasha. Larisa ce ta ce in zo." Na ce masa Rimma ma ta ce itacen ba ya karatu. Na ce na yi mako biyu ina ɗebo ruwa a rijiya, ƙashin wuyana ya yi shuɗi, in yana so in nuna masa. Na ce abubuwa da yawa.

Ya saki yatsan. Ya mayar da ido wajen taga. Na zauna har ƙarfe biyar riƙe da hannunsa, bai janye ba, bai kuma sake juyowa ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a gidan Larisa

Larisa na son in zaɓa tsakanin kwat mai ruwan toka da shuɗin, wanda za a binne shi da shi. Na ce shuɗin, mai ruwan tokar akwai irin tumatir a aljihunsa, zai ce an ɓarnatar.

Ulyana ta kawo mini shayi ta zauna a ƙasa ta ɗora kai a cinyata. Ta ce, "Kaka, an gode Allah da kika same shi." Kowa haka yake cewa tun safe. Larisa ma ta rungume ni, rabon da ta yi haka tun ranar aurenta.

Rimma ta koma lambu jiya da yamma. Ɗazu ta kira ta yi mini abin da ake yi, ta yi kukanta, ta fyace hanci. Na tambaye ta ma'auni. Ta ce wane irin ma'auni kuma, ki ji tsoron Allah. Na ce ki dai faɗa mini. Ta ce bakwai ƙasan sifili, sama tas, ko ɗigon ruwa babu.

Da na ƙara kwana ɗaya da na lulluɓe ta cikin sanyin da yake so, da kuma ban same shi ba. Na san wanda zai zaɓa. Tun kafin in shiga motar Rimma na sani.